Maciji da kunama a dajin arewacin Maraɗi: shirin tafiya da abin yi in tsautsayi ya faɗa

Duk wanda zai tashi daga Maraɗi ya yi arewa, ya wuce Dakwaro ya doshi Barmo ko Gadabeji, in ka tambaye shi abin da yake tsoro a daji, kura zai fara ambata. Na sha kwana a mashekarin makiyaya a wannan yanki, kura kuwa sai dai a bakin tsofaffi nake jin ta. Gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, barewa ce a cikinsa da dila, sai raƙuman dawan da aka kwaso daga Kure a 2018, kuma babu wanda suka hana barci. Abin da ke kwantar da magidanci a tsakiyar kaka, har a sayar da akuya a buɗe rumbu, tsawonsa bai wuce kamu guda da ɗan ɗori ba, launinsa kuma launin ƙasar da kake takawa ne: macijin nan da ake kira kububuwa.

Kafin ka bar gari

Abu na farko tambaya ce, kuma tun kana gida ake yin ta: a ina makarin dafin maciji yake kusa da inda za ni? Kada ka ɗauka kowace likita tana da shi. Ƙaramar likitar ƙauye za ta iya wanke rauni ta ba da maganin zafi, amma makari sau da yawa sai asibitin gunduma, kamar na Dakwaro ko Mayahi ko Tasawa, wani lokaci ma sai an dangana da Maraɗi. Ka tambayi majo, wato shugaban ma'aikatan likitar da ta fi kusa, ka karɓi lambar wayarsa, ka ji daga bakinsa inda yake tura waɗanda maciji ya sara. Ka karɓi lambar mai mota ko mai kabu-kabu guda biyu a ƙauyen, don ɗaya yakan tafi kasuwa daidai ranar da ake nemansa. Ka ware kuɗi a ɗaure gefe, domin makari yana da tsada, kuma neman rance da tsakar dare shi ke cinye awoyin da ake bukata.

Ban faɗi wannan don tsoratarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma sai a 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce maganin ba ya wadata, sai wanda ya san inda yake tun da wuri.

Kayan da za ka ɗauka ba su da yawa. Takalmi rufaffe mai kauri, in da hali irin na roba mai kai wa ƙwauri, da dogon wando sakakke. Cocila mai haske da batir na ajiya, kada ka dogara da hasken salula. Sange, ko da ba lokacin sauro ba ne. Sanda. Sabulu, da jarkar ruwa wadda ba ta sha kaɗai ba ce, da ƙwayar farasitamol. Shi ke nan. Reza da igiyar ɗauri da baƙin dutse, bar su a gida, zan faɗi dalili.

San wanda kake tare da shi

Kububuwa ita ce babbar magana. Gajera ce, mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige masu haske a gadon baya, kanta kamar ƙwai, wuyanta siriri. Wasu na kiranta gobe da nisa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Da rana tana laɓe a gindin sabara, ƙarƙashin dami, cikin tarin kara ko ramin gafiya, da magariba ta fito farautar ɓera da kwaɗo da kunama. In ta ji motsinka ba ta cika gudu ba. Sai ta nannaɗe jikinta tana goga ɓawonta da juna, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Duk wanda ya ji wannan ƙara kusa da ƙafarsa, ya tsaya cak, ya gano inda take fitowa, ya ja da baya.

Mugun halin dafinta shi ne yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya tashi ya yi tafiyarsa, ya ci tuwo, ya ce ai da sauƙi, wurin ya ɗan kumbura kawai. Kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani ya yi aman jini, wani kuma jinin ya zuba a cikin kai. In ba a yi makari ba, cikin mutum goma takan tafi da ɗaya ko biyu. Saboda haka sauƙin da aka gani a daren farko ba shaida ba ne.

Kasa kowa ya san ta, ƙatuwa mai faɗin kai, wadda ake yi wa mai nauyin barci kirari da ita. Wannan nauyin jiki nata shi ne haɗarin, don ba ta kaucewa daga hanya, sai dai ta yi huci ta jira. Tafiyarta a hankali, saranta kamar walƙiya. Dafinta yana kumbura ƙafa har cinya, ya ruɓar da nama, shi ya sa ake yawan yanke yatsa ko ƙafa bayan saranta.

Kumurci shi ne baƙon da ke shigowa gida. Ɓera da ƙwai da ƴan tsaki ke kawo shi, yana bin akurki da gindin rumbu, har ɗakin kwana yakan shiga ya sari mai barci a tabarma. Yana fasa kai ya tsarto dafi daidai ido daga nisan kamar mita 2. Ɗan'uwansa gamsheƙa ba ya tsartuwa, amma dafinsa jijiya yake kamawa: fatar ido ta yi nauyi ta faɗo, haɗiyar yawu ta gagara, magana ta sarƙe, daga nan numfashi. Wannan shi ne wanda ba ya jiran gobe ko kaɗan.

Can inda rairayi ya yi yawa akwai wani gajere mai ƙahoni biyu a saman ido, yana binne kansa a yashi ya bar idanu kawai. Sawunsa a karkace yake, layi-layi a jere kamar an yi zane da kara. In ka ga irin wannan sawu da safe kusa da shimfiɗarka, sauya masauki. Akwai kuma wani ƙaramin baƙi mai sheƙi da ke fitowa bayan ruwan sama, kansa da wutsiyarsa kusan ɗaya. Yara na raina shi su kama shi ta wuya, shi kuwa haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa ya soki yatsa. Babu wani riƙo da ke tsare hannu daga gare shi.

Tafiya, aiki da kwana

Yawancin sara a ƙafa ne, ƙasa da gwiwa, sai kuma hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda za ka tsare. Lokacin da ya fi muni shi ne farkon damina da ake shuka da noma, da kuma kaka da ake ɗaurin hatsi da roron wake da cirar gyaɗa. Damin da ya kwana a gona, kada ka tura hannu ƙarƙashinsa. Ka juya shi da sanda ko da ƙotar hauya, ka jawo shi ta wajenka yadda abin da ke ƙasa zai samu hanyar gudu ta can gefe. Haka tarin kara, haka itacen wuta, haka harawa. Mata masu shiga daji yin itace su riƙa buga busasshen reshe kafin su ɗauka. Yara masu tura hannu ramin gafiya ko kurege ko kogon itace neman ƙwan tsuntsu, a hana su da gaske, ba hanin wasa ba.

Da dare kada ka taka inda ba ka haska ba, ko da fitsari za ka yi bayan bukka. Na ga mutumin da ya yi tafiyar yini guda da takalmi, ya cire don alwalar isha, ya taka ƙafa uku cikin duhu ya gamu da rabonsa. Maciji yana jin girgizar ƙasa, don haka taka da nauyi kana buga sanda a gaba, musamman a ƴar siririyar hanya mai ciyawa gefe da gefe.

Wurin kwana kuma a zaɓe shi tun da sauran rana. Ka nemi fili mai sarari, nesa da suri, da tarin duwatsu, da gindin kalgo ko sabara mai duhu, nesa kuma da inda aka ajiye hatsi. Ka share wurin. In akwai gadon kara ko amalanke, hau sama. In ƙasa ce dole, ɗaura sange ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Ragowar abinci a kai shi nesa, don ɓera yake kira, ɓera kuma shi ke kiran mai cin sa. Da safe ka kakkaɓe takalmi da riga da rawani da bargo kafin su taɓa jikinka.

In kun yi kiciɓis, ba shi hanya. Mutane da yawa wurin kisa aka sare su. Ko an kashe shi ma, kan da aka datse yana iya cizo bayan wani lokaci, don haka a tura shi rami da sanda, kada yaro ya ɗauka.

In sara ya auku

Da farko a janye mutum daga wurin, kada a tsaya neman macijin. In an gan shi, a riƙe kamanninsa, ko a ɗauki hotonsa daga nesa in babu haɗari. A duba agogo a riƙe lokacin, za a tambaya a likita.

A zaunar da shi ko a kwantar, a kwantar masa da hankali. Gudu da kururuwa da bugun zuciya su ke gaggauta yawon dafi a jiki. A cire zobe da munduwa da agogo da takalmi da duk wani kambu ko laya da ke ɗaure a wannan gaɓa, tun kumburi bai kama su ba. Sai a samo kara mai ƙarfi ko ɗan itace a ɗora a gefen ƙafar ko hannun, a naɗe da ƙyalle sako-sako yadda gaɓar ba za ta lanƙwashe ba, kamar dai yadda ake yi wa karaya. Yatsa ya iya shiga ƙarƙashin naɗin.

Daga nan ɗaukarsa za a yi, kada ya taka. A amalanke, a mota, ko a kan babur tsakanin mutum biyu, na baya yana riƙe da shi. In yana amai ko ya fara gyangyaɗi, a kwantar da shi ta gefen hagu, kai ya ɗan sunkuya, don kada amai ya shaƙe shi. Tun kuna hanya a kira majo a ce ga ku nan, a tambaya ko makarin yana nan, in babu a wuce kai tsaye inda yake. Don zafi, farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen da diklofenak, waɗanda masu tallan magani a kasuwa ke bayarwa don ciwon jiki, suna ƙara tsinka jini, ga wanda kububuwa ta sara kuwa wannan ƙarin wuta ne.

Yanzu ga abubuwan da muka gada, waɗanda na san faɗarsu ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya ba ya tsare dafi, jini yake tsarewa, kuma ƙafar da kasa ko kumurci ya riga ya fara ruɓarwa, in aka hana ta jini awa biyu ko uku, an gama da ita. In kun tarar an riga an ɗaure tun da jimawa, kada ku kwance farat ɗaya a hanya, ku bari ma'aikatan lafiya su sassauta a gabansu. Tsagawa da reza ga mutumin da jininsa ba ya daskarewa buɗe masa ƙofar mutuwa ne. Tsotsa da baki ba ta fitar da komai. Baƙin dutse kuwa ƙashin saniya ne da aka ƙona, yana manne wa rauni ne don yana shan danshi, kamar yadda garwashin da ya mutu ke manne wa harshe, dafin kuma tuni ya yi nisa cikin nama. Jiƙon da ake ɗura wa mutum don ya yi amai yana iya shaƙe wanda maƙogwaronsa ya fara mutuwa.

To me ya sa ake ganin masu magani suna warkarwa? Domin ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su tashi. Wani ɗan'uwanmu da kububuwa ta sara wurin cirar gyaɗa, kwana biyu ya yi a zauren wani mai magani ana shafa masa gari, sai da aka ga jini a bakinsa sannan aka nemi mota. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da aka ƙara masa jini. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu ba sai an yi tofi, a yi masa a cikin mota ana tafiya, addu'a ba ta hana tuƙi.

Abin da za ka gani a likita

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ka sani don ka iya tambaya. Ana ɗibar jini kaɗan a zuba a ƴar kwalba ta gilashi, busasshiya mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a girgiza ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi zuwa lokacin. In ya kwarara kamar ruwa, dafin kububuwa na aiki, makari ya wajaba. Bayan an yi makarin da kamar awa 6 ana sake gwajin, in har yanzu bai daskare ba a ƙara.

Ta jijiya ake ba da makari, kuma wasu jikinsu yakan ƙi shi, su yi ƙaiƙayi ko numfashi ya toshe, shi ya sa ba a sayo shi a yi a gida. Yaro da babba awo ɗaya ake ba su, don maciji bai rage dafi ba saboda ƙanƙantar yaro. Makari kuma iri-iri ne. Wanda aka haɗa don macizan Indiya ba ya aiki a kan kububuwarmu, ko da kwalinsa ya yi kyau, don haka a saya inda ma'aikatan lafiya suka nuna. Ko an yi kwana biyu ko uku da sara, muddin jini na zuba, makari na da amfani, kada a ce an makara. In an ce ku kwana a sa ido, ku kwana, ko da majinyacin yana hira yana dariya. A tuna da allurar hana sandarewar jiki, wadda ake yi wa wanda ƙusa ta soka.

Tsartuwar kumurci a ido aikin ruwa ce. A kwantar da mutum, a buɗe idon da yatsu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa. In ruwa ya yi ƙaranci a mashekari, madara ma ta yi. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko kwalli. Bayan nan a je likita a duba, don dafin yakan ƙuje baƙin ido, in miki ya shiga sai makanta.

Kunama

Bazara ce lokacinta, daren da zafi ya hana shiga ɗaki kowa ya baje a tsakar gida. Tana son tsagar bango, ƙarƙashin tukunya da turmi da tubali, cikin takalmi da naɗin tabarma. Mutane sun fi tsoron duwu saboda girmansa da baƙinsa, alhali harbinsa bai cika wuce zafi ba. Abin dubawa shi ne hannu da wutsiya. Mai manyan hannuwa da siririyar wutsiya da ƙarfin hannu take farauta. Mai siraran hannuwa, ko ruwan ɗorawa ce ko baƙa mai kaurin wutsiya, dafi ne makaminta, kuma irinta ke ƙaruwa in ana yin arewa wajen Agadas. Wani abin mamaki, ƴar cocilar nan mai shuɗin haske da ƴan canji ke duba takardar kuɗi da ita, in ka haska ta a tsakar gida da dare, kunama sai ta yi ƙyalli kore, ka gan ta tun daga nesa.

Ga babba mai lafiya, yawanci azaba ce ta yini guda. A wanke wurin da sabulu, a ɗora ƙyalle mai sanyi, a sha farasitamol. In zafin ya fi ƙarfin haƙuri, a likita suna da allurar kashe zafi da ake yi a wurin harbin. Fetur da ruwan batir da ake shafawa ƙuna kawai suke ƙarawa.

Yaro kuwa maganarsa daban ce, haka tsoho da mai ciki. Jikin yaro ƙarami ne, dafin yana kai wa zuciya da huhu cikin ƴan awoyi. Ni a ganina duk yaron da bai kai shekara goma ba, in kunama ta harbe shi a arewa, a kama hanyar likita nan take ba sai an ga alama ba. In kuwa aka ga gumi yana keto masa, yawu na dalala, yana amai, jiki na karkarwa, gabansa ya miƙe, ko numfashi ya yi sama-sama, to ko minti ɗaya kada a ƙara.

Sauran masu haƙori

Kare ko dila da ya zo wa mutane ba tsoro, yana dalalar yawu yana cizon duk abin da ya samu, a ɗauke shi mahaukaci. Wanda ya ciza, ko yaƙushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, don ya fi yadda ake zato tsawo. Sannan a nemi allurar rigakafi a ranar. Ciwon haukan kare in ya bayyana ba a tashi, kuma yakan yi makonni ko watanni a ɓoye, raunin ya warke kowa ya manta.

Amale a lokacin barbara, wato da sanyi, in ka ga yana kumfar baki yana gurnani, ba shi fili, cizonsa yana karya ƙashi. Ƙudan zuma a kogon gawo ko bakin tsohuwar rijiya, in suka taso, rufe fuska da rawani ka yi gudu a miƙe har su rabu da kai, kada ka tsaya kaɗe-kaɗe. Ƙarin da suka bari a fata a kankare shi da farce. Wanda fuskarsa ko leɓensa ya kumbura, ko ya ji maƙogwaro na toshewa, ko da ƙuda ɗaya ne ya harbe shi, shi ma a ɗora shi a babur.